Wace Rawaya?

Tun ina ƙarami na san rawaya, ko kuwa in ce na ɗauka na san ta. Idan aka ce wa ɗalibin Hausa "rawaya", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne launi, watau ɗan'uwan ruwan ɗorawa. Kaɗan ne daga cikinmu za su tuna cewa kafin kalmar ta zama sunan launi, sunan tsiro ce, tsiron da ake haƙo saiwarsa a daji a rina zare da ita, a kuma jiƙa wa mai ciwon shawara. Ni kam na tuna, domin a hannun kakata na tashi. Amma sai da na shekara ashirin da bakwai a duniya, ina tsakiyar neman digiri na biyu, sa'an nan wani dattijo a Samaru ya yi mini wata tambaya mai kalma biyu wadda ta nuna mini iyakar sanina. Labarin wannan tambaya nake so in ba 'yan'uwana na wannan ƙungiya, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irin kunyar da na sha.

A Kakuri aka haife ni, kudu da kogin Kaduna, cikin 1989. Wanda bai san Kakurin wancan lokaci ba, to, gari ne na masaƙu. Tun 1957 aka buɗe masaƙar farko, Kaduna Textiles, daga baya cikin shekarun 1960 wasu suka biyo ta, irin su Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles. Idan jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, sai ka ga kekuna sun cika titi kamar an fasa gidan tururuwa, kowace ƙabila ta Nijeriya da mutanenta a ciki. Mahaifina yana sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun nan. Kullum ya dawo gida hannuwansa da launi, yau shuɗi, gobe kore. Mahaifiyarsa kuwa, wadda muke kira Iya, ba ta ɗauki wannan rini a bakin kome ba. Takan ce rinin kwalba ne, wanda bai san daji ba.

Iya tana da wata aminiya 'yar ƙabilar Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari. Duk gidanmu Ƙawa muke ce da ita, har mahaifina. Ita Kirista ce, Iya kuwa ba ta wasa da salla, amma ban taɓa jin wannan ya shiga tsakaninsu ba. Abin da ya haɗa su shi ne daji. Ran Asabar tun da sassafe sukan ɗauki dagi da ƙaramin buhu su nufi yamma ta wajen Kudenda, ko kudu bayan Gonin Gora, ni kuma ina biye da su riƙe da gorar ruwa. Iya takan ce, "Maigida, taho ka tsare matanka, kada kura ta ɗauke mu." A wancan lokaci kana fita daga gidaje sai ka faɗa cikin doka da kaɗanya da ɗorawa da taura da gwandar daji, in ka gangara bakin rafi ga tafashiya ga ɗinya. Ƙawa takan ɗauko kayanta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke yi, Iya kuma a ka. Duk tsiron da suka tsaya a kansa, wannan ta faɗi sunansa da harshenta, waccan ta faɗi da nata, wani lokaci su yi ta gardama a kan amfaninsa har mu iso gida. Abu guda ne ba su taɓa saɓawa a kai ba: in sun haƙi saiwa ba sa cinye ta duka, sai sun bar rabi sun mai da ƙasa sun rufe.

Cikin watan Fabrairu na 2000 aka yi abin da aka yi a Kaduna. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba kuwa Allah kada ya nuna masa. A ɗakin Ƙawa muka kwana daren farko, kwana biyu bayan haka muka ƙetare gada da abin da hannu zai iya ɗauka, muka sauka a Rigasa. Ba kowa ne ya tashi ba, har gobe akwai Hausawa a Makera da Kakuri da Barnawa, amma tun daga lokacin kogin ya zama kamar iyaka, akasarin Musulmi suka taru a arewa, akasarin Kirista a kudu. Ba a daɗe ba kuma masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Iya ba ta ƙara haƙar rawaya da hannunta ba. Sai dai a sayo mata a kasuwa, ta juya ta, ta sansana, ta ce, "Wannan ba ita ba ce." Mu kuwa muka ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Ta rasu a 2004, Allah ya jiƙanta.

To, da na zo neman digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, sai na zaɓi in yi nazari a kan sunayen tsirrai a Hausa, ina ganin ai gado ne. Na shiga laburare na tattara sunaye wajen ɗari uku, kowane na rubuta masa sunansa na Latin a gefe, yadda na tarar a littattafai. Na kai wa malamin da ke duba aikina ina jiran yabo. Ya duba, ya ɗaga kai ya ce, "Ka kai wannan jeri taskar tsirrai ta Sashen Nazarin Tsirrai su gani tukuna." A raina na ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ni ɗalibin harshe ne, me zan yi da busasshen ganye? Amma umurnin malami ba a musa shi, sai na tafi.

Wannan taska ita ce Turawa ke kira habariyam. Abin da ya fara tarbata a bakin ƙofa shi ne warin kafur. Ɗaki ne mai kabad-kabad jere, kowace kabad cike da fayil-fayil, kowane fayil kuma ɗauke da takardu masu kauri, tsawonsu wajen santimita 42, faɗinsu wajen 29. A jikin kowace takarda an manne reshen tsiro guda wanda aka matse aka busar, da ganyensa da furensa, wani har da 'ya'yansa a cikin ɗan ambulan. A gindin takardar ta hannun dama akwai 'yar takardar shaida: sunan tsiron da danginsa, inda aka samo shi, ranar da aka samo shi, irin ƙasar wurin, sunan wanda ya tsinko shi da lambarsa. Ba a jera su bisa abacada kamar ƙamus ba, dangi-dangi aka jera su, ta yadda za ka tarar da wake da gyaɗa da ɗorawa da tsamiya da doka duk a unguwa guda, domin a wurin masana 'yan gida ɗaya ne.

Dattijon da na tarar a ciki ya karɓi jerina, ya sa tabarau, ya bi shi da yatsa a hankali. Da ya kai kan harafin "r" sai ya tsaya. Ya ce, "Wace rawaya?"

Na ce, "Baba, ai rawaya rawaya ce."

Bai ce mini kome ba. Ya tashi ya buɗe wata kabad, ya ɗauko fayil biyu ya shimfiɗa a kan tebur. Na farko, furanni ne manya masu launin rawaya a kan wani guntun kututture, babu ganye ko ɗaya, sai a wata takarda dabam aka manne ganyen, mai yatsu sirara kamar tafin hannu a buɗe. Ya ce wannan ita ce Cochlospermum tinctorium, kalmar ta biyu kuwa ma'anarta da Latin "ta marina". Da rani take fure, bayan wutar daji ta wuce, furen ya fito daɓas a kan toka kafin ganye ya tsiro. Na biyu kuwa reshe ne dogo mai ganye masu faɗin yatsu, bayansu fari-fari, furen yana can a ƙoli. Ya ce wannan Cochlospermum planchonii ce, takan yi tsawon mutum, kuma da damina take fure. Ya ce, "Duka biyun Hausawa na ce musu rawaya. Kai ka rubuta ɗaya. Ka gan ta ne, ko kuwa ka kwafa?"

Ina tsaye a wurin sai muryar Iya ta dawo mini. Ashe ba ta taɓa cewa "rawaya" kawai ba. Kullum "ta ƙasa" take cewa, ko "ta tsaye". Watau abin da masana suka raba da sunayen Latin, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta riga ta raba shi da dagi. Na yi ƙoƙarin in tuna wacce take rini da ita, wacce kuma take jiƙa wa mai shawara, na kasa. Shekara goma sha biyu kacal da rasuwarta, rabin abin da ta sani ya zube a hannuna, ni da nake taƙamar gado. Na gaya wa dattijon haka. Ya ce, "To, ɗana, je ka kawo mini ta kakarka. A nan ba ma karɓar suna sai da mai sunan."

Wannan magana tasa ita ce gindin aikin taskar tsirrai duka, ko da yake sai daga baya na fahimta. Suna iska ne, yana sauyawa daga gari zuwa gari. Itacen da wani ke kira dogon yaro, wani darbejiya yake ce masa, wani maina. Wannan da sauƙi, tun da itace ɗaya ne mai suna uku. Inda haɗarin yake shi ne suna ɗaya ya hau kan tsiro biyu. A cikin 1990 da 'yan shekarun da suka biyo baya, a ƙasar Beljiyam, mata fiye da ɗari suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha wani maganin rage ƙiba da aka haɗa da tsirran ƙasar Sin. Da aka bincika sai aka tarar an musanya wani tsiro da wani mai suna Aristolochia fangchi, saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Dumar dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu 'yar wannan gida ce na Aristolochia, gidan da aka tabbatar yana ɗauke da sinadarin da ke lalata ƙoda. Saboda irin wannan ne ya sa duk mai binciken magani, ko a sashen haɗa magunguna yake ko a sashen likitan dabbobi, kafin ya daka ganye ya ɗura wa ɓera, sai ya kawo samfuri taska an tabbatar masa da ko mene ne, an ajiye, an ba shi lamba. Wannan lamba ita zai sa a cikin rahotonsa. In bayan shekara hamsin wani ya yi shakka, sai ya zo ya buɗe kabad ya gani da idonsa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani malamin likitanci a Italiya mai suna Luca Ghini shi ake danganta wa fara ta, cikin shekarun 1540. Daga baya Linnaeus, mutumin Suwidin, ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna mai kalma biyu a littafinsa na 1753, tsarin da ake bi har yau. Yanzu akwai irin waɗannan taskoki fiye da 3,000 a duniya. Ta Kew da ke Ingila tana da samfuri wajen miliyan 7. A Nijeriya babbarsu ita ce ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, mai samfuri fiye da 100,000. Kowane tsiro da aka raɗa wa suna kuwa yana da samfurin asali, watau takardar da aka dube ta aka yi masa sunan, wadda ita ce alƙali in gardama ta taso.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tarihin ƙasarmu ya maƙale a jikin waɗannan sunaye. Ɗorawa sunanta Parkia, don tunawa da Mungo Park, kuma an raɗa sunan ne a 1826 a ƙarshen littafin tafiyar Denham da Clapperton, su da suka zo Barno, Clapperton kuma ya wuce Kano da Sakkwato. Akwai wani ɗan itace da ake kira Gardenia sokotensis, watau na Sakkwato. Doka kuwa, wadda ta rufe dazuzzukan Kaduna, har wata unguwa a tsakiyar garin take amsa sunanta, ita da sunanta na Hausa ta shiga littafin duniya: Isoberlinia doka. Duk inda masani yake, ko a Japan ko a Barazil, in zai ambaci wannan itace sai ya furta kalmar Hausa.

Mutumin da ya fi kowa aiki a kan sunayenmu shi ne Dokta J. M. Dalziel, wani likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewa farkon zuwan Turawa, ya tsinci tsirrai a wurare irin su Katagum da Sakkwato. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa. Shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sa'an nan a 1937 ya fitar da wani a kan amfaninsu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda kowane ɗalibin Hausa ke jingina da shi, cike yake da irin waɗannan sunaye na Latin. Amma fa Dalziel bai zo da kalmar "sabara" ko "marke" daga Sikotlan ba. Wani ne ya gaya masa: maharbi, ko boka, ko makiyayi, ko ɗan dako, ko wata tsohuwa irin Iya. Sunansa yana bangon littafi, nasu kuwa ya bi iska. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba, domin ba don ya rubuta ba da yanzu asarar ta fi haka. Na faɗa ne don mu san cewa rabin ilmin da ke cikin kabad ɗin nan daga bakin kakanninmu ya fito.

Sauran aiki ya rage gare ni, in kawo rawayar Iya. Na yi ta ɗage tafiyar, yau jarrabawa, gobe rashin kuɗin mota. Gaskiyar magana kuwa tsoro nake ji. Shekara goma sha shida ina ratsa kudancin Kaduna a cikin mota in zan tafi Abuja, amma ban taɓa sauka na taka unguwarmu da ƙafa ba. Cikin watan Oktoba na 2016 dai na yi ta maza. Na ƙetare gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, na wuce tashar jirgin ƙasa, na sauka a Kakuri. Masaƙun suna nan tsaye shiru, ciyawa ta fito a kan rufinsu. Na sami gidanmu an sake masa ƙofa da fenti. Na tambayi gidan Ƙawa, aka ce ta rasu, amma babbar 'yarta tana nan.

Na yi sallama, ta fito tana dubana. Na ce, "Mama, ni ne jikan Iya." Sai ta dafa ƙirji ta ce, "Mai gorar ruwa?" Ta kama hannuna ta ja ni ciki, ta yi ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na gaya mata Iya ta rasu tun 2004, ta yi shiru, sa'an nan ta ce uwarta ta yi ta aike a nemo mu ba a dace ba. Na ji kunyar da ta fi ta Samaru. Tsakanin Rigasa da Kakuri ba tafiyar awa guda ba ce.

Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta yi dariya. Ta ce, "Ɗana, dajin da kake nema ai ya zama gidaje." Haka kuwa na gani. Inda muke tsinkar taura yanzu shaguna ne da wurin buga bulo. Ba mu iya yin nisa ba kuma, domin a lokacin masu satar mutane sun addabi hanyar Abuja. Sai ta kai ni wata gonar danginsu a bayan Gonin Gora, a gefen wani fako da garma ba ta shiga. Nan muka tarar da ta tsaye, tana fure. Na tambaye ta abin da na kasa tunawa. Ta ce Iya ta ƙasa take haƙa, ko don rini ko don shawara, uwarta kuwa ta tsaye ta fi yarda da ita, kuma a kan wannan suka yi ta gardama har rabuwarsu. Ko wace ce mai gaskiya a cikinsu, ko ma babu, wannan hukuncin ɗakin gwaji ne. Abin da na sani shi ne ɗakin gwajin ba zai iya yanke shi ba sai ya san wacce aka kawo masa.

Na yanko reshe na cusa a leda na ɗaure, na bar shi kwana huɗu kafin in koma Samaru. Da dattijon ya kwance ledar sai wari ya tashi, ganyen ya yi baƙi ya yi funfuna. Ya ce, "Wannan miya ka kawo mini." Sa'an nan ya zaunar da ni ya koya mini. A wurin da aka tsinki tsiro ake matse shi. Za a shimfiɗa shi a cikin tsohuwar jarida, a juya ganye ɗaya ko biyu don a ga bayansu, a sa kwali sama da ƙasa, a haɗa tsakanin katako biyu a ɗaure tam da igiya. Kullum a sake jarida har ya bushe ƙayau. Kuma tun kana wurin za ka rubuta abin da bushewa za ta ɓatar: launin fure, ƙanshi, tsawon tsiron, ko yana da ƙaro ko nono, da abin da mutanen wurin ke kiransa. Reshen da babu fure babu 'ya'ya kuwa, ya ce, kamar mutum ne ba fuska. Ya ara mini katakon matsi, na koma mako na biyu na samo ta tsaye yadda ya kamata.

Ta ƙasa sai da na jira rani. Cikin watan Janairu na 2017 Mama ta yi mini waya ta ce an ƙone fakon. Na zo muka tafi da sassafe, hunturu na kaɗawa. Ƙasa baƙa ƙirin da toka, ga furannin nan zube a kanta ɗaya-ɗaya, kai ka ce wani ne ya bi ya ajiye su da hannu. Na durƙusa na haƙa da dagin uwarta, saiwar ta ɓalle, cikinta ya rine mini yatsu. Na ɗauki rabi. Kafin in miƙe sai na ga Mama ta sa ƙafa tana mai da ƙasa a ramin.

Ranar da aka manne samfurin, dattijon ya miƙo mini takardar shaida in cike. A gurbin mai tsinkowa na so in sa sunan Iya. Ya ce a'a, wanda ya tsinka da hannunsa shi ake rubutawa, taska ba ta karɓar ƙarya ko da ta ladabi ce. Amma ya nuna mini gurbin bayani a ƙasa, ya ce in rubuta abin da na ga dama in dai gaskiya ne. Na rubuta sunan tsiron da Hausa, na ƙara da "ta ƙasa". Na rubuta sunansa da Gbagyi yadda Mama ta faɗa mini. Na rubuta cewa mata biyu na Kakuri, Bahaushiya da 'yar Gbagyi, sun yi shekaru suna haƙarsa tare a wannan daji kafin 2000, na sa sunayensu. Ba mu da takardar gida a Kakuri, haya muka yi. Iya ba ta da hoto ko ɗaya. In ban da wannan takarda, ban san wata da ta shaida cewa ta taɓa zama a kudancin kogin ba.

Daga nan na gane wani amfanin taskar wanda ban zata ba. Kowace takarda shaida ce cewa tsiro kaza ya rayu a wuri kaza ran kaza. In aka jera na shekaru da yawa, sai a ga inda daji ya ja da baya, da lokacin da baƙon tsiro ya shigo, da ko lokacin fure ya gusa saboda sauyin yanayi. Masu binciken noma a Samaru da ke yaƙi da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, dole su bambance mai kama dawa da gero da mai kama wake, domin ba iri ɗaya ba ne. Har ƙwayoyin gado ana iya cirowa daga busasshen ganye: a 2013 masana suka gano ainihin irin cutar da ta halaka dankalin ƙasar Ailan cikin shekarun 1840, ta hanyar gwada ganyayen da aka adana tun wancan zamani. Wanda ya matse su bai san za a yi wannan da su ba.

Sai dai taska ma tana mutuwa. A watan Maris na 1943 bom ya faɗa wa ta birnin Balin, wuta ta cinye mafi yawanta, har da samfuran asali na tsirran Afirka masu yawa. A ƙasashe irin namu ba a bukatar bom: gara da ƙwaro da laima da yoyon rufi sun isa, in aka yi sakaci. Da can guba ake shafa wa samfuri, yanzu an fi son a sa shi cikin firiza ya kwana biyu ƙwarin su mutu, wannan kuwa sai da wutar lantarki. Galibin samfuran asali na tsirranmu suna Kew da Faris da wasu biranen Turai. An ɗauki hotunan da yawa daga cikinsu an sa a intanet, abin a yaba, amma hoto ba ya zuwa bayan Gonin Gora ya ga ko rawaya tana nan. Wannan aikin namu ne.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa. Mun iya tattara karin magana da kirari da waƙoƙin daka, kuma muna kyautawa. Amma da yawa daga cikinmu za su kawo karin magana a kan gawo ko ƙirya ko faru, in aka kai su daji ba za su iya nuna ko ɗaya ba. Su kuma 'yan'uwanmu na sashen kimiyya sun san tsiron, sai su rubuta sunansa na Hausa a karkace, babu ƙugiya babu bayanin karin harshen da aka ji shi. Tsakanin sassan nan biyu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. In kowane ɗayanmu zai yi amfani da hutu guda ya zauna da wata tsohuwa ko wani maharbi a garinsu, ya rubuta sunaye biyar yadda aka furta su, ya matso tsirran biyar a cikin tsohuwar jarida, ya kawo taska da sunan wanda ya gaya masa, da cikin 'yan shekaru mun tara abin da za a daɗe ana cin moriyarsa. Ina kuma roƙon malamanmu na sassan biyu su duba yiwuwar haɗa ɗalibansu a irin wannan aiki.

Wanda ke da kaka a raye kada ya jira sai ya zo digiri na biyu. Ni na yi sa'a na tarar da Mama, ta cike mini abin da na zubar. Yanzu duk hutu nakan ƙetare gada in gaishe ta, kuma mun kai tsiro na goma sha tara. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.